Hanta a Dama Take

Footscray, 9 ga Janairu, 1995

Zuwa ga Goggo Noelene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin shiga sabuwar shekara lafiya. Yaya gwiwar da Mama ta ce tana damunki? Yaya zafin Broken Hill? Mu nan Melbourne jiya zafi ya haura arba'in, yau kuma ga ni cikin rigar sanyi. Lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon wuya irin na masu wuni a sunkuye kan tebur.

Katin Kirsimetinki ya iso, na gode. Kunya ta kama ni da na tuna shekara shida rabona da rubuto miki. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne abin da kika rubuta a ƙasan katin, wai kina alfahari da ni don Mama ta gaya miki ina zane a littattafan likitoci. Goggo, ba haka ba ne. Mama ce ta gyara labarin yadda zai shiga kunnen matan coci.

Da rana ina aiki a wani shagon buga riguna. Sana'ata ta gaske kuwa ita ce zana bangon kaset da faifai da riguna ga masu kiɗan da ake kira death metal. Ba za ki taɓa jin su a rediyo ba. Gangarsu kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi, mawaƙin kuma ba rerawa yake ba, gurnani yake. Waƙoƙinsu duk a kan gawa ne da ruɓa da yanka, to ni ma abin da nake zanawa ke nan: ƙoƙon kai a fashe, tsutsa, hanji a waje. Da baƙar tawada nake yi, da ɗan siririn alƙalami, kuma shekarata tara a kai. Har daga Sweden da Brazil ake aiko mini da wasiƙa ana neman aikina.

Ga abin da ya kawo ni. Wasu samari huɗu na nan unguwarmu, masu kiran kansu Ruɓaɓɓen Hanji, za su fitar da faifansu na farko. Mawaƙinsu, Manoli, yana son mutum kwance a tebur, an buɗe shi daga ƙirji zuwa cibi. Na aro littafi a laburare, amma hotunan ciki tsaf-tsaf suke kamar taswirar gari, ba su yi kama da abin da ya taɓa numfashi ba. Ke kuwa shekara talatin da shida kika yi kina nas a ɗakin tiyata. Na saka miki kwafin zanen. Ki duba ki faɗa mini inda na yi ƙarya. In kuma ya tayar miki da hankali, ki kunna murhu da shi, ba zan ji haushi ba.

'Yar ƙaninki,
Kerryn

Broken Hill, 21 ga Janairu, 1995

Kerryn 'yata,

Na amsa gaisuwarki, kuma na ji daɗin ganin rubutunki, duk da har yanzu karkacewa yake kamar na ubanki. Gwiwa tana nan yadda take. Ruwa bai sauka ba tun Nuwamba, tumatir ɗina na raye ne da ruwan wanke-wanke. Ciwon wuyanki kuwa, ki ɗaga teburin da bulo biyu, ki daina jira sai ya zama ciwo na gaske.

Beryl maƙwabciyata tana nan muna shan shayi na buɗe ambulan ɗin. Ta leƙa, ta ajiye kofinta, ta ce ta tuna ta bar wanki a inji. Har yau ba ta dawo ta shanye shayin ba.

Ni kuwa na sa tabarau na zauna da jan biro. Hannunki na da kyau, wannan ba shakka. Amma mutumin naki ba zai rayu ba ko da ba a yanka shi ba. Hanta a dama take, ke kin sa ta a hagu, sai dai in ta madubi kika kalle shi. Na ƙirga haƙarƙarinsa, goma sha huɗu kika ba shi a kowane gefe, Allah kuwa goma sha biyu ya ba mu. Hanji ba ya zubowa sako-sako kamar igiyar shanya, akwai wani tantani mai kitse da ke riƙe da shi ta baya, sai an yanke shi. Kuma ina kitsen? Ko ramammen mutum aka buɗe, abin da ido ke fara gani shi ne kitse, rawaya, guda-guda. Sannan wannan jinin da kika fesa har bango, ki yanke shawara: in mutumin gawa ne, gawa ba ta feshin jini. In da ransa, to fuskarsa ta yi natsuwa da yawa.

Ki bar littafin nan. Ki je wurin mahauci ki ce ya ba ki kayan cikin tunkiya a haɗe, huhu da zuciya da hanta, kada ya raba su. Ki sa hannu ki ji nauyinsu. Hanta tana da sheƙi da santsi, huhu kuwa kamar soso yake. Duk nas ɗin da na horar, da haka na fara mata.

Kika ce in ya tayar mini da hankali. Yarinya, na riƙe ƙafar mutum a hannuna shi yana can gefe guda. Tawada ba za ta hana ni cin abinci ba. Ban san amfanin wannan kiɗa naku ba, amma ban ga laifi a aikin da mutum ya zauna ya yi shi da kula ba. Uwarki ce ma ta ba ni mamaki, ko da yake tun asali Glenys ba ta iya barin labari yadda ta same shi.

Ki gyara ki aiko in gani.

Goggonki,
Noelene

Footscray, 19 ga Fabrairu, 1995

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi kuma tumatir sun ga ruwan sama. Na sa bulon, wuya ya lafa.

Dariya na yi ta yi da na ga takardar ta dawo ja-jawur kamar jarrabawar da aka faɗi. Shekara tara ina sa hanta inda na ga dama, ba wanda ya taɓa ce mini uffan.

Na je kasuwa wurin mahaucin da nake sayen nama, wani dattijo ɗan Vietnam. Ya tambaye ni miyar me zan yi, na ce zane zan yi. Ya kalle ni, ya naɗe kayan, ya ƙara mini da ƙoda biyu kyauta. Kwana huɗu suna firij ina fito da su ina zanawa. Gaskiyarki, ban taɓa sanin hanta na da nauyi haka ba.

A rana ta uku Manoli ya zo duba aiki, ya buɗe firij neman ruwan sanyi. Goggo, wannan mutumin da ke gurnani a kan cin gawa, sai da ya zauna daɓas a ƙasan kicin ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ashe ko nama ba ya ci. A gidan waya yake aiki yana ware wasiƙu, kuma har yanzu a gidan uwarsa yake, ita ke goge masa baƙaƙen rigunansa. Da ta ji labarin sumansa, sai ta aiko mini da faranti cike da gurasar gargajiyarsu mai alayyafo da cuku, wai in ci abincin mutane.

Na sake zanen daga farko, sati uku na yi a kai. Kitsen nan da kika ce, ɗigo-ɗigo na yi shi da bakin alƙalami har idona ya yi ja. Da na shimfiɗa wa samarin shi a tebur sai duk suka sunkuya a kai suna kallo. Mai gangar ya ce wannan ya fi na farko ban tsoro, alhali jininsa bai kai rabin na wancan ba. Na ce musu aikin Goggona ne. Yanzu sun dage sai sun sa sunanki a jerin waɗanda suke yi wa godiya a cikin faifan, tsakanin wata ƙungiya mai suna Tsutsar Kabari da mai shagon da ke ba su aron amsa-kuwa. Na ce sai na tambaye ki.

Na saka miki riga ɗaya daga bugun farko, da kaset na waƙa uku. Ki rage murya kafin ki kunna.

Kerryn

Broken Hill, 12 ga Maris, 1995

Kerryn 'yata,

Gaisuwa gare ki da Manoli, ki ce na ce ya riƙa karyawa da safe. Ni lafiya. An samu ruwa kwana biyu, gari ya yi sanyi kaɗan, gwiwa kuma ta samu abin ƙorafi sabo.

Yanzu kam mutuminki ya zama mutum. Saifar ta ɗan yi girma, amma na taɓa ganin irinta a wani mashayi, don haka na bar miki.

Kaset ɗin a mota na saurara, don nan kaɗai nake da abin kunnawa. Na kai ƙarshen waƙa ta farko ban gane an fara ta biyu ba. Karen Beryl ya shige ƙarƙashin gida. Abin da zan iya cewa shi ne mai gangar nan yana da ƙarfin ƙafa, Allah ya bar masa gwiwoyinsa. Rubutun sunansu da ke saman rigar kuwa na juya shi ta kowane gefe, kamar an tara ƙaya za a ƙona. Ke kika yi shi? In ke ce, ina fata da gangan ne.

Rigar na da yadi mai kyau, da ita nake aikin lambu. Ranar Talata fastonmu ya zo karɓar kek ɗin da na gasa wa coci, ya same ni da ita a jiki. Mutum ne mai kunya, duk hirar tamu itacen lemo yake kallo. Da zai tafi ya tambaya ko wata sabuwar ƙungiyar yaƙi da shan taba ce. Na ce masa aikin 'yar ƙanina Clarrie ne.

Su sa sunana in suna so. Su rubuta Sista Penhall, haka aka san ni.

Akwai abin da zan tambaye ki, kuma ki ba ni amsa kai tsaye. Beryl ta ce duk mai zana irin waɗannan abubuwa akwai abin da ke cin zuciyarsa. Beryl na faɗin abubuwa da yawa, amma na kwana biyu ina juya maganar. Kina cin abinci? Kina da mutane? Kina jin daɗin rayuwarki?

Goggonki,
Noelene

Footscray, 17 ga Afrilu, 1995

Goggo,

Barka da Ista, da fatan kin yi biki lafiya. Ni ƙalau, mura ce ta kama ni sati ɗaya ta sake ni.

Ki gaya wa Beryl ta kwantar da hankalinta. Ina ci, ina da mutane, kuma ban san wanda ya fi ni jin daɗin aikinsa ba. In na zauna da safe da kofi, rana ta shigo ta taga, na tsoma alƙalami a tawada, ba na son komai kuma. Masu wannan kiɗa su ne mutanen da suka fi kowa sauƙin kai a cikin waɗanda na sani. Wasa ne muke yi da abin da kowa ke tsoro, kuma duk mun san wasa ne. Rubutun sunan ma da gangan ne, in ana iya karanta shi ba za su karɓa ba.

Faifan ya fito. Ranar Lahadi da la'asar aka yi bikin a ɗakin baya na wata mashaya, mutum kamar sittin, rabinsu sanye da zanena a ƙirji. Uwar Manoli ta zo da auduga a kunne, ta zauna a kujera bakin ƙofa tana tafi a inda bai kamata ba. Wani dogo mai gashi har ƙugu ya same ni, ya ce a ɗakin ajiye gawa yake aiki, kuma wannan ne bango na farko da ya gani bai ji haushi ba. Na nuna masa sunanki. Naki faifan na tafe a wani ƙunshi daban.

Aiki ya ƙaru. Wata ƙungiya daga Perth ta rubuto, biyu daga cikinsu 'ya'yan masu haƙar ma'adinai ne, suna son bango a kan mutumin da dutse ya rufta wa a cikin rami. Tun da na karanta wasiƙarsu Baba ke raina, don shi ma haka ajalinsa ya zo.

Goggo, Mama ta taɓa faɗa mini sau ɗaya cewa kina bakin aiki ranar da aka kawo shi asibiti, daga nan ba ta sake yarda an yi maganar ba. Ina so in zana shi. Ki faɗa mini yadda yake lokacin da aka kawo shi, kada ki rage komai. Ke kaɗai ce ba za ki gyara mini labarin ba.

Kerryn

Footscray, 11 ga Yuni, 1995

Goggo,

Ina gaisuwa. Wata biyu ke nan da na rubuto ban ga amsarki ba, kuma sau uku ina buga waya tana ta ƙara ba a ɗauka. Na kira Mama a Cairns, inda take zaune yanzu, ta ce ta ji kina nan lafiya, an gan ki a coci. To alhamdu, tunda ba ciwo ba ne.

Faifan ya iso? Ko wasiƙata ce ta ɓata a hanya? Manoli ya ce wasiƙa ba ta ɓata, sai dai mutum ya ƙi amsawa, na ce ya rufe mini baki.

Sanyi ya shigo sosai a nan. Ina aiki a kan wata riga mai ƙwarangwal uku, kuma na rasa yadda ƙashin wuya ke haɗuwa da kafaɗa. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Kerryn

Broken Hill, 25 ga Yuni, 1995

Kerryn,

Lafiyata lau. Faifai ya iso, wasiƙunki biyu ma sun iso.

Na gyara miki hanta da haƙarƙari da zuciya ɗaya, don mutumin nan na tebur ba ɗan kowa ba ne. Clarrie ƙanina ne. Ni na goya shi, ni na kai shi makaranta ranar farko. Ba zan zauna in tsara miki raunukansa ɗaya bayan ɗaya don wasu samarin Perth su buga shi a riga, a je mashaya da shi ana zuba masa giya ba. Ban zaci za ki tambaye ni haka ba. Sau huɗu ina fara amsa ina yagewa, wannan ce mafi sauƙin cikinsu.

Ƙashin wuya yana haɗuwa da kafaɗa ta sama, a wani ɗan tudu da za ki iya taɓawa a jikinki.

Noelene

Footscray, 29 ga Yuni, 1995

Goggo,

Yau wasiƙarki ta iso, ban ko cire takalmi ba na zauna rubutu. Na gode Allah da kike lafiya.

Ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka ba ne. Na tuna abin da na rubuta, na ga yadda na jera maganar Perth da maganar Baba wuri ɗaya, kuma ko ni aka aiko wa, haka zan fahimta. Mutanen Perth tun a wancan satin na ce musu su nemi wani, ban iya wannan ba. Na manta ban gaya miki ba. Babu rigar da Baba zai hau, babu bangon da zai hau. Ki yafe mini wata biyun da na sa ki a ciki.

Ga gaskiyar maganar. Shekarata goma sha biyu lokacin. Na roƙi a bar ni in gan shi, aka hana, akwatin kuma a rufe yake. Da na koma makaranta wani yaro ya ce mini babansa ya ce da shebur aka kwashe babana, shi ya sa aka rufe. Ban gaya wa kowa ba. Bayan wata huɗu Mama ta kwashe mu zuwa Melbourne. Hoto ɗaya nake da shi, yana sanye da hular kwano, inuwa ta rufe rabin fuskarsa. Shekara goma sha tara ke nan, duk lokacin da na so tuna fuskarsa, maganar yaron nan ce ke riga ta zuwa.

Kada Beryl ta ce ai ga dalilin zanena. Tun kafin rasuwarsa nake zana dodanni a bayan littafin lissafi, shi da kansa yake liƙa su a bangon rumfarsa. Abin da nake so shi ne in zauna da fensir in zana fuskar ubana, in rataya a ɗakina. Na kasa, don ban san abin da ya rage daga fuskar ba. In ma abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, gara in ji daga bakinki.

In ba za ki iya ba, ba zan sake tambaya ba.

Kerryn

Broken Hill, 9 ga Yuli, 1995

Kerryn 'yata,

Ina gaishe ki. Ni ce zan nemi gafara. Shekara da shekaru ina gaya wa ƙananan nas su tambayi mara lafiya kafin su yanke hukunci, ga ni na yi abin da nake hanawa. Da na san abin da yaron nan ya gaya miki, da tun kina ƙarama na zaunar da ke.

Ƙarya ya yi miki. Ko ƙwarzane babu a fuskar ubanki.

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe biyu na rana. Aka bugo waya cewa ana kawo mutum ɗaya daga rami, mu shirya. Ba su faɗi suna ba. Ina wanke hannu aka shigo da shi, na ji muryarsa kafin in gan shi, yana ce wa mai tura gadon ya bi a hankali, ba buhun dankali ya ɗauko ba. Dutsen a ƙugu ya same shi. A waje babu abin gani sosai, jinin a ciki yake zuba. Fuskarsa baƙi ƙirin da ƙasar rami, sai fararen idanu. Na ɗauki tsumma da ruwan ɗumi na goge masa ita da hannuna. Ya yi fari fat, amma shi ne, da gashin bakinsa da wannan karyayyen haƙorin na gaba.

Ya ce, “Noelene, ke ce? To shi ke nan.”

Likita ya ce in fita a samo wata. Na ce kafin a samo wata an ɓata minti ashirin, kuma babu wadda ta kai ni sauri. Sai ya bar ni.

Muna jiran mai ba da maganin barci, ubanki na ta lissafa mini ayyuka kamar mai shirin tafiya kamun kifi. A ba tantabarunsa ruwa. Kada Glenys ta tuƙo mota da kanta, a je a ɗauko ta. Sannan ya ce kekenki na rumfa a kife, ya cire tayar baya, ya yi miki alkawarin liƙe ta kafin Asabar. Ya ce, “Kada yarinyar nan ta ce na yi mata ƙarya.” Na ce ya yi shiru, zai liƙe abarsa da kansa. Ya yi murmushi, don ya san ni, ya san yadda muryata take in ina ƙarya. Aka sa masa abin shaƙa yana riƙe da yatsuna biyu.

Awa biyu da rabi muka yi. Mun yi duk abin da ake yi a wancan zamani. Bai farka ba, kuma bai ji komai ba.

Maganar akwati kuwa, mai shirya gawa sabon zuwa ne garin, bai san shi ba. Ya aske masa gashin baki tas, ya raba masa gashin kai a tsakiya. Uwarki ta leƙa sau ɗaya ta ce wannan ba mijinta ba ne, kuma ba wanda zai gan shi haka. Dalilin ke nan, babu wani. Ke kuma a lokacin ba a kai yara ganin gawa, mun ɗauka kāre ki muke yi.

Ranar Juma'a da asuba, gidanku cike da mutane, na zagaya rumfa na liƙe tayar. Ban taɓa yi ba kafin ranar, ban kuma sake yi ba.

Wannan ne karo na farko da na faɗi labarin nan daga farko har ƙarshe. Na zaci zai kwantar da ni. Sai ga shi na gama rubutu na ji yunwa, na soya ƙwai biyu. Na saka miki hotuna uku na Clarrie daga akwatina, ɗaya ranar da tantabararsa ta ci gasa. Ki riƙe su.

Goggonki,
Noelene

Footscray, 16 ga Yuli, 1995

Goggo,

Ina gaisuwa, ina godiya. Lafiyata ƙalau, sai dai na yi kuka har Manoli ya zo ya tarar da ni ya zaci gobara aka yi. Na ba shi wasiƙar ya karanta, ya shiga bayi ya daɗe.

Goggo, ashe ke ce. Ranar Asabar ɗin na shiga rumfa na ga keken a tsaye, taya cike da iska. Duk shekarun nan na ɗauka shi ya liƙe kafin ya tafi aiki. Kwana biyu na hau, tayar ta sace. Na tsaya a bakin titi ina jin haushinsa, ina cewa aikinsa na ƙarshe ma bai yi shi da kyau ba, sannan na yi shekaru ina jin kunyar wannan haushin. Yanzu na san mai laifin. Mace mai ɗinke jijiya, ta kasa liƙe tayar keke!

Na fara zanen, da fensir kawai. A hankali nake yi, ba na gaggawa. Hoton gasar tantabarun nan, ban san yana dariya da dukan fuskarsa haka ba.

Ina da hutun sati biyu a Satumba. Tun da Mama ta kwashe mu sau ɗaya na taka Broken Hill. In ɗakin baya na nan, ina so in zo. Zan biyo motar da ke bi ta garin Mildura.

Kerryn

Broken Hill, 27 ga Yuli, 1995

Kerryn 'yata,

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, likita ya canza mini magani. Ɗaki na nan, na fitar da keken ɗinki da kwalaben jam, Beryl ta ba da aron bargo. Ta ce tana son ta gan ki da idonta, na ce ki zo mata da riga.

Ki rubuto mini ranar, zan kasance a tasha.

Ki taho da takalmi mai ƙwari. An rufe ramin da ubanki ya yi aiki, amma dogon ƙarfen da ake saukar da ma'aikata da shi yana nan tsaye a kan tudu, kuma ana barin mutane su hau har gindinsa. Daga tagar kicin ɗina ake hango shi. Shekara goma sha tara ina wanke kwanuka ina kallonsa, ban taɓa hawa ba. Za mu tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma sai kin riƙe ni a wurin hawan.

Goggonki,
Noelene